Ra'ayi: Tiyon da ke lilo ƙarƙashin tsofaffin motoci, gyara ne ko rufa-rufa?

Duk wanda ya taɓa sammako zuwa tashar mota a Maraɗi ko Damagaram, lokacin da direbobi ke ɗumama injuna kafin a fara lodi, ya san wani wari mai nauyi na ƙonannen baƙin mai wanda ya bambanta da hayaƙin salansa. In mutum ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin wata tsohuwar Peugeot 504, ko Hiace, ko tasi ƙirar Starlet irin na titunan Yamai, sau da yawa zai ga guntun tiyo yana lilo daga jikin inji, yana busa farin tururi, yana ɗigar da mai a ƙasa. Wani lokaci an zura bakinsa cikin gorar ruwa ta roba an ɗaure da waya. In aka tambayi mai motar, amsar ba ta wuce cewa inji ne ke numfashi, makanike ya fitar masa da shi waje don ya huta.

Wannan dabara ta zama ruwan dare har an daina ganinta a matsayin matsala. Amma matsala ce. Tana cin inji a hankali, tana cutar da direba da aparantinsa da fasinja, kuma tana ɓoye wa mai saye ainihin halin da mota take ciki. Lokaci ya yi da masu tsofaffin motoci, da matasan da ke koyon aikin gareji, da ƴan ci-ranin da ke aiko da kuɗi a sayi mota, za su fahimci abin da tiyon nan yake faɗa.

Daga ina tururin yake fitowa?

Babu injin da ba ya yoyon iska a cikinsa, ko da yau aka fito da shi daga kamfani. Fistan yana hawa yana sauka a cikin silinda, an zagaye shi da zobba na ƙarfe, waɗanda makanikan Nijar ke kira segiman, na tsallaken iyaka kuma su ce ringi. Aikin zobban shi ne su tare wutar da ke tashi a saman fistan. Sai dai ba su iya tare ta ɗari bisa ɗari. Inji mai silinda 4 da ke juyawa sau 3000 a minti yana kunna wuta sau 100 a kowace daƙiƙa, kuma a kowace kunnawa ɗan abu kaɗan yana silalewa ta gefen zobba ya gangara ƙasa, cikin karter, inda man inji yake kwance.

Abin da ke silalewar ya haɗa da fetur ko gazal da bai ƙone ba, da hayaƙi, da toka, da tururin ruwa. Mutane da dama ba su san cewa ƙona lita 1 ta fetur yana haifar da kusan lita 1 ta ruwa a siffar tururi ba. Mafi yawansa ta salansa yake fita, amma wani yana shiga karter. In ya zauna a can ya huce, sai ya gauraya da mai da toka ya zama wani baƙin kunu mai toshe hanyoyin mai. In ya haɗu da sinadarin sulfur da ke cikin man fetur ko gazal, sai ya koma ruwa mai cin ƙarfe. Fetur ɗin da ya gangara kuma yana tsinka man inji, ya rage masa kauri.

Ga kuma matsi. Iskar da ke taruwa a karter dole ta sami mafita. In ba ta samu ba, za ta nemo da kanta: ta tunkuɗo sandar awon mai, ta fasa juwan, ta tura mai ta bayan inji har ya jiƙa faifan kuloci. Shi ya sa kowane inji yake da hanyar numfashi, wadda a gareji ake kira raniflar. Tambayar ita ce ina numfashin zai je.

An riga an gwada sakin tiyo, an bar shi

Tiyon da ke lilo ba ƙirƙirar garejin Tawa ko Konni ba ce. Kafin shekarun 1960, mafi yawan motocin duniya haka ake ƙera su: bututun ƙarfe yana gangarowa daga inji zuwa ƙarƙashin mota, an yanke bakinsa a karkace. In mota tana gudu, iskar da ke wucewa ta bakin bututun sai ta zuƙo tururin, sabuwar iska kuma ta shiga ta murfin zuba mai wanda ke da raga a ciki. Dabarar tana aiki a kan doguwar hanya. A cikin gari kuwa, inda mota ba ta cika wuce gudun kilomita 30 a awa ba, ko a tsaye inji na kunne, babu iskar da za ta zuƙo komai. Tururin sai ya zauna, abin da ya fita kuma ya bazu a unguwa.

A birnin Los Anjelis na Amurka aka fara gane illar. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai haifaffen ƙasar Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hazon da ke sa idanun mutanen birnin zafi yana samuwa ne idan hasken rana ya bugi ɓurɓushin man fetur da sauran iskar da motoci ke fitarwa. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa wani babban kaso na wannan ɓurɓushi daga bututun karter yake fita. Daga motocin ƙirar 1961 aka fara sa wa sababbin motocin jihar Kalifoniya wata ƴar na'ura da ake kira PCV, cikin ƴan shekaru kuma ta game Amurka, daga baya sauran ƙasashe masu ƙera motoci suka bi sahu da tsari irin nata.

Tsarin ba shi da wuya. Maimakon a zubar da tururin a titi, sai a mayar da shi ta tiyo zuwa hanyar da inji ke shaƙar iska, ya shiga silinda ya ƙone. Na'urar PCV ƴar ƙofa ce mai sifirin a ciki. In inji yana tsaye yana aiki a hankali, ƙofar tana matsewa ta bar kaɗan ya wuce. In an taka mota, sai ta ƙara buɗewa. In wuta ta yi baya daga kafireta, sai ta rufe don kada ta kai karter. Da yawa daga injunan Turai na wancan zamani ba su da wannan ƙofa, sai wani ɗan rami mai ƙayyadadden faɗi da raga mai tace mai, amma manufar ɗaya ce. Bayan tsabtace iska kuma, injunan sun fi daɗewa, domin zuƙowar ba ta jiran gudun mota. Man inji ya daina saurin lalacewa, yoyon juwan ya ragu.

Ke nan duk makaniken da ya cire tiyo ya sake shi ƙasa, ya mayar da mota shekaru sittin baya, kuma ko bututun wancan zamani bai samu ba, tunda nasa guntun roba ne da ba a auna tsawonsa ko inda bakinsa ya dosa ba.

Uzurin makanikai

Adalci ne a saurari masu wannan aiki, domin ba don wauta suke yi ba. Idan segiman sun cinye, tururin yana ninkuwa, yana kuma ɗauko mai da yawa. Man sai ya cika matatar iska, ya ɓata kafireta, ya baƙanta buji, mota ta riƙa shaƙewa tana fitar da shuɗin hayaƙi. Direban da ke da fasinja 18 suna jira, ga mai mota na jiran kuɗin yini, ba zai saurari zancen sauke inji ba. Makanike ya cire tiyo cikin minti biyar, buji ya daina baƙi, mota ta tashi, kowa ya yi godiya.

A injin gazal ma uzurin ya fi ƙarfi. Injin gazal yana iya ƙona man injinsa kamar yadda yake ƙona gazal. In ya tsufa ƙwarai, man da ke biyo tiyon numfashi ya yi yawa, sai inji ya fara ciyar da kansa: ya yi ta hawan gudu yana ruri, a kashe makulli bai mutu ba, sai an toshe masa hanyar iska ko an sa babban giya an taka birki an saki kuloci. In ba a yi sauri ba, ya tarwatse. Makaniken da ya taɓa ganin haka da idonsa ba zai so ya mayar da tiyo cikin hanyar iskar tsohon inji ba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da yake nunawa shi ne injin ya gaji, yana bukatar a buɗe shi. Sakin tiyo bai ƙara wa segiman kauri ba. Ya dai kawar da alamar daga inda ake ganinta. Dabarar da ta dace da kai mota gareji daga tsakiyar hanyar Tawa zuwa Agadas, ita ce aka mayar ta zama gyaran dindindin na shekara da shekaru.

Abin da ƙura take yi

A ƙasa kamar Nijar, farashin wannan dabara ya fi na ko'ina. Inji ba fitar da numfashi kaɗai yake yi ba. Yayin da fistan ke hawa da sauka, iskar karter tana kai da komo, kuma in inji ya huce bayan an kashe shi, yana janyo iska daga waje. Buɗaɗɗen tiyo da ke jiƙe da mai, yana lilo tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, a kan hanyar burji ko cikin budar hunturu, ƙofa ce ta shigar rairayi. Rairayi a cikin man inji kuwa kamar dutsen wasa wuƙa ne: yana cin kusine, yana cin segiman, yana cin bangon silinda. Segiman su ƙara cinyewa, tururi ya ƙaru, a ƙara faɗin tiyo. Gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Masu ƙera motocin sun san da wannan ƙura. Shi ya sa 404 da 504 da yawa da aka yi domin kasuwar Afirka suka zo da matatar iska mai kwanon mai a ƙasa, wadda ke kama ƙura kafin ta kai inji. Peugeot ta fito da 504 a 1968, masana'antar Kaduna ta fara haɗa motocin kamfanin a 1975, ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Motar ta yi suna ne saboda juriya. Abin takaici ne a ga an kula da matatar iska ta gaba, an bar wata ƙofa a buɗe ta ƙasa.

Sau da yawa kuma ana manta ɗaya ɓangaren. In an cire tiyo daga jikin kafireta ko bututun shaƙar iska ba a toshe ramin da kyau ba, inji zai riƙa shan iskar da ba a tace ba kai tsaye cikin silinda. Mota ta ƙi tsayawa a kunne, a yi ta murɗa kafireta ana ƙara mata fetur, a ce tsufa ne.

Akwai waɗanda ke yin akasin haka: ɗigar mai ta dame su, sai su cusa kusa ko guntun ice a bakin tiyo su ɗaure. Wannan ya fi muni. Matsin da aka hana fita zai fito ta juwan mafi rauni, kuma mota na iya zubar da manta a hanya direba bai sani ba sai fitilar mai ta kama.

Huhun da ke cikin mota

Tururin da aka saki ƙarƙashin kapo ba ɓacewa yake yi ba. Tsohuwar mota tana da ramuka a bangon da ke tsakanin inji da direba, robobin sun bushe, daɓen ƙasa ya ci tsatsa. A Hiace, direba da fasinjan gaba a kan inji suke zaune. Cikin tururin akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri da gyangyaɗi. Akwai kuma benzin, sinadarin da ke cikin fetur, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sanya shi cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Fasasshen salansa ya fi kawo wannan iska cikin mota, amma tsohuwar motar da ke da tiyo a sake ba kasafai salansarta ke da lafiya ba, sai su haɗu.

Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne. A lokacin sanyi ana tafiya da gilasai a rufe. Direban da ya sauka da ciwon kai yakan ɗora wa rana ko rashin barci laifi, ya sha shayi ya ƙara da ƙwayar ciwon kai. Gyangyaɗin direba a kan babbar hanya kuwa kowa ya san abin da yake jawowa.

Gyaran da ya dace

Mataki na farko shi ne a san halin injin. A bar shi ya yi zafi, a buɗe murfin zuba mai yana kunne. Ɗan tururi kaɗan ba komai ba ne. In kuwa yana busowa kamar tukunyar da ke tafasa, har murfin da aka ɗora yana rawa, segiman ko silinda sun tafi. Awon matsin silinda, wanda garejin kirki ke da abin yinsa, shi zai tabbatar. Farin kumfa mai kama da kindirmo a ƙarƙashin murfi alamar ruwa ce: ko dai motar ba ta yin tafiyar da mai zai yi zafi ya kori tururi, ko numfashin ya toshe, ko juwan kulas ya ƙone.

Ba kowane tururi ne ke nufin inji ya mutu ba. Sau da yawa hanyar numfashin ce ta toshe da datti. A cire tiyo a wanke ko a sake sabo mai jure mai, domin tiyon ruwa yana narkewa ya manne. A wanke ragar da ke cikin murfi ko gwangwanin tace mai. A buɗe ɗan ramin da ya toshe ba tare da an faɗaɗa shi ba. In motar mai PCV ce, a girgiza na'urar: mai lafiya tana ƙara kas-kas, wadda ta yi shiru ta daskare. A nemi wadda ta dace da injin, domin ta wata mota tana iya barin iska ta yi yawa ko ta yi kaɗan.

Ga injin da ya fara gajiya amma mai shi bai tara kuɗin buɗe shi ba, akwai hanya ta tsakiya. A sa gwangwanin ƙarfe mai murfi a tsakiyar tiyo, da raga a ciki: tururi ya shiga ta ƙofa ɗaya, mai ya tsaya a ƙasa, iska ta fita ta ƙofa ta biyu ta koma hanyar shaƙar inji. Maƙeri ko mai walda zai iya haɗa shi. Sharaɗinsa a riƙa juye shi a kai a kai, musamman a injin gazal, domin in ya cika an koma gidan jiya. Abin da aka juye ba a mayar da shi inji, ba a kuma zubar da shi kusa da rijiya ko magudanar ruwa. Bambancinsa da gorar roba shi ne a rufe yake: ƙura ba ta shiga, tururi ba ya fita.

In larura ta sa dole a saki tiyo a hanya, a tsawaita shi ya wuce inda mutane ke zaune, a nisanta shi da salansa mai zafi da taya da birki, a ɗaura masa abin tace ƙura, a kuma ɗauke shi a matsayin abin kwana biyu. Sai a rage tazarar juyen mai, domin injin da ke yawan tururi yana saurin ɓata mansa, balle in ana shan fetur ɗin ƴan ruwa-ruwa wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba.

Masu saye da masu aiko da kuɗi

A Faransa, motar da ta haura shekara 30 tana iya samun takardar motar tarihi, a ajiye ta sai ranar hutu. A Maraɗi, irin wannan mota ita ce jarin gida. Matashin da ke aiki a Abidjan, ko Aljeriya, ko Beljiyam, ya tara guminsa ya aiko a saya wa ƙanensa motar haya, shi ne ya fi kowa asara idan aka sayar musu da injin da aka ɓoye gajiyarsa. Mota mai sakakken tiyo ba ta yawan shuɗin hayaƙi a salansa, bujinta fes, kuma in an zuba mata mai mai kauri ranar ciniki, sai ta yi shiru kamar sabuwa.

Wanda ke nesa yana da waya. Kafin ya tura kuɗi, ya nemi a ɗauko masa bidiyon inji bayan an yi tafiya ya yi zafi, an buɗe murfin mai, an kuma bi tiyon numfashi da kyamara daga inda ya fito zuwa inda ya ƙare. In ya ƙare a iska ko a gora, a cire kuɗin buɗe inji daga farashi, ko a nemi wata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka ma matasan da suka fara sha'awar tayar da 504 ko Marsandin mahaifinsu: fenti da kujeru su jira, a fara da numfashin inji.

Sauran aikin na masu iko ne da shugabannin sana'a. Masu binciken lafiyar motoci suna duba birki da fitilu da taya; leƙa tiyon numfashi ba zai ci minti ɗaya ba, musamman a motocin da ke ɗaukar fasinja. Cibiyoyin koyon sana'a da manyan masu gareji su koya wa yara dalilin da ya sa aka mayar da tiyon cikin inji tun farko, domin aparanti abin da ya ga maigidansa yana yi shi zai yi har ya tsufa. Sandikar direbobi kuma ta san cewa mambobinta ne ke shaƙar tururin awa goma a rana, ba masu motocin ba.

Babu mai cewa a kawar da tsofaffin motoci daga hanya. Su ne ke kai hatsi kasuwar ƙauye, su kai mai naƙuda asibiti, kuma babu abin da zai maye gurbinsu gobe. Daidai wannan dalili ne ya sa ya kamata a riƙe su da kyau. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Direban da ya ga tiyo yana lilo ƙarƙashin motarsa gobe da safe, ya tambayi makanikensa abu biyu: yaushe aka sake shi, kuma yaushe za a mayar da shi inda yake.